Haƙar Bitcoin A Cikin Gida: Yadda Kuɗin Wuta Ya Cinye Riba

Ran 5 ga watan Oktoba na shekarar 2009, wani mutum da ya sakaya sunansa, wanda aka sani da laƙabin New Liberty Standard, ya fitar da farashi na farko da aka taɓa yanka wa kuɗin nan na intanet mai suna Bitcoin. A lissafinsa, dalar Amurka ɗaya tana daidai da Bitcoin 1,309.03. Babu wanda ya taya, babu wanda ya sallama, domin a lokacin kasuwar kuɗin ma ba ta kafu ba tukuna. Daga takardar kuɗin wuta mutumin ya samo farashin.

Hanyar da ya bi mai sauƙi ce. Ya ƙiyasta cewa kwamfutar da take aiki ba dare ba rana tana shan yunit 1,331.5 na wutar lantarki a shekara, yunit kuwa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, kamar yadda ake sayensa a mita. Ya ninka wannan adadi da senti 11.36, watau matsakaicin kuɗin yunit ɗaya a gidajen Amurka a shekarar da ta gabata, ya raba gida 12, kana ya auna abin da ya fito da yawan Bitcoin ɗin da kwamfutarsa ta samar cikin kwana 30. Duk wanda ya bi sawun lissafin zai tarar cewa wutar wata guda ta kama dala 12 da senti 60, abin da kwamfutar ta haƙo a watan kuwa Bitcoin 16,500 ne. Ke nan da yunit ɗaya tak na wuta ana samun Bitcoin kusan 150.

Shekara biyu kacal bayan haka, sai da yunit sama da 20 mai haƙa a gida zai sami Bitcoin guda, duk kuwa da cewa ya sake na'ura, ya koma wadda ta fi ta da ƙarfi nesa ba kusa ba. Kafin shekarar 2014 ta ƙare, sana'ar ta kusa fita daga gidajen mutane baki ɗaya. Abin da ya faru a tsakanin waɗannan shekaru biyar ya cancanci a bi shi daki-daki, domin da wuya a sami wata sana'a da dokokin tattalin arziki suka yi aiki a kanta a fili kuma cikin hanzari kamar wannan.

Abin da ake nufi da haƙa

Kalmar haƙa aro ce daga haƙar zinariya, kuma takan ruɗa wanda bai san harkar ba. Bitcoin ba shi da babban banki da yake buga shi ko yake riƙe masa littafin lissafi. A maimakon haka, dubban kwamfutoci ne suke riƙe da kwafin kundi guda wanda ake rubuta kowane ciniki a cikinsa. A matsakaici, kowane minti 10 ake rufe shafi ɗaya na kundin, a buɗe sabo. Duk kwamfutar da take son ya zamanto ita ce ta rufe shafin, tilas ta yi ta cankar wata lamba har ta dace da wadda tsarin zai karɓa, tamkar mai neman buɗe kwaɗo mai lamba alhali bai san lambar ba. Babu wata dabara ko gajeriyar hanya, sai yawan gwaji. Wadda ta riga dacewa ita take karɓar lada, watau sababbin Bitcoin. Kowane gwaji kuwa yana shan wuta, ko ya dace ko bai dace ba.

Lokacin da Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro tsarin, ya buɗe shafi na farko ran 3 ga watan Janairu na 2009, ladan kowane shafi Bitcoin 50 ne. Da yake ana rufe shafi kimanin 144 a rana, abin da duniya gaba ɗaya take rabawa a kullum shi ne Bitcoin 7,200.

A nan ne wani sharaɗi ya shigo, wanda shi ne ƙashin bayan duk lissafin riba da faɗuwa a harkar. Bayan kowane shafi 2,016, watau kimanin mako biyu, tsarin yakan duba ko an yi saurin rufe shafuka fiye da ƙima. Idan an yi sauri, sai ya ƙara tsaurin cankar, idan an yi jinkiri kuma ya sassauta, don dai a tsaya a kan minti 10. Wannan shi ake kira ma'aunin wahala, kuma daga lamba 1 ya fara.

Mai karatu zai fi gane muhimmancin sharaɗin idan ya kwatanta da noman gyaɗa. Idan gyaɗa ta yi kuɗi a bana, manoma da yawa za su shuka ta baɗi, amfani ya yawaita, farashi ya sauko. A haƙar Bitcoin ba haka abin yake ba. Ko mahaƙa goma ne ko miliyan goma, adadin da za a raba a rana ba ya ƙaruwa da ko guda. Idan farashi ya hau, sababbin mahaƙa su shigo, abin da yake ƙaruwa shi ne wahala, rabon kowa ya ragu, kuɗin wutar da ake ƙonawa kan kowane Bitcoin ya hau, har sai ya cim ma farashin. Nakamoto da kansa ya taɓa bayyana a 2010 cewa farashin kowace haja yakan karkata zuwa abin da aka kashe wajen samar da ita. Abin da shekaru suka nuna game da Bitcoin shi ne akasin haka ya fi yawa: farashi ne yake gaba, tsadar haƙa tana binsa a baya, kuma ba ta daɗewa ba ta kamo shi ba.

Zamanin da fanka ce babbar matsala

A kusan dukan shekarar 2009 ma'aunin wahala bai motsa daga 1 ba, sai a ƙarshen watan Disamba ya ɗan ɗaga. Kowace kwamfutar tebur ko ta cinya tana iya aikin, amma abin da take haƙowa ba shi da mai saye. Saboda haka a idon ɗan kasuwa, faɗuwa ake yi tsantsa: ana biyan kuɗin wuta da dala, ana karɓar abin da ko biredi ba zai saya ba. Hal Finney, masanin kwamfuta ɗan Amurka wanda Nakamoto ya aika wa Bitcoin 10 ran 12 ga Janairun 2009 a ciniki na farko a tarihin kuɗin, ya ba da labari daga baya cewa ya kashe haƙar ne saboda kwamfutarsa tana yin zafi kuma ƙarar fanka ta dame shi. Haka shi ma James Howells na garin Newport a yankin Wales ya haƙi Bitcoin kimanin 8,000 da kwamfutar cinya a 2009 sa'an nan ya bari. A 2013 aka zubar da faifan ajiyar a juji bisa kuskure, kuma a watan Janairu na 2025 babbar kotu ta yi watsi da ƙarar da ya shigar yana neman a bar shi ya tone jujin.

A cikin 2010 ne kuɗin ya fara samun daraja. Ran 22 ga watan Mayu, Laszlo Hanyecz, wani mai tsara manhaja a jihar Florida, ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza guda biyu, abin da a lokacin bai wuce dala 41 ba. A watan Yuli aka buɗe kasuwar Mt. Gox, farashi kuma ya ninka sau goma cikin 'yan kwanaki, daga ƙasa da senti ɗaya zuwa senti 8. Tun da aka sami inda za a kai haja a karɓi dala, sai masu haƙa suka ɗauko biro da takarda.

Abu na farko da lissafin ya nuna musu shi ne cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ita ce ta fi dacewa da aikin ba. Katin hoto, watau ɓangaren da ake sa wa kwamfuta don wasanni, an ƙera shi ne don ya maimaita ƙaramin lissafi iri ɗaya sau ɗaruruwa a lokaci guda, wannan kuwa shi ne ainihin abin da canka take bukata. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta lokacin takan yi gwaji 'yan miliyoyi a daƙiƙa, amma kati irin Radeon HD 5870 na kamfanin AMD, wanda aka fara sayarwa a kan dala 379, yana yin wajen miliyan 400 a daƙiƙa da wutar da ba ta wuce wat 200 ba. Tun a ƙarshen 2009 Nakamoto ya roƙi jama'a da su jinkirta shiga wannan tsere don amfanin kowa. Roƙon bai yi tasiri ba, kuma da ma bai kamata a sa ran zai yi ba, domin duk wanda ya haƙura shi kaɗai, rabonsa ne zai tafi ga wanda bai haƙura ba. Hanyecz yana cikin waɗanda suka fara amfani da katin, kuma kafin ƙarshen 2010 manhajar haƙa da kati ta bazu kyauta. Daga nan haƙa da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta zama ƙona wuta a banza.

Shekarar 2011 a kan sikeli

Wannan ita ce shekarar da haƙar gida ta kai ganiyarta, ita ce kuma shekarar da ta fara koya wa mutane hankali. Don a ga yadda abin ya gudana, sai a ɗauki misalin mutum mai kwamfuta ɗaya da kati ɗaya irin wanda aka ambata. Katin da sauran kayan kwamfutar suna shan kimanin wat 300, watau yunit 7.2 a rana. A Amurka, inda matsakaicin kuɗin yunit a gidaje yake dab da senti 12 a shekarar, wutar rana guda ta kama senti 86. Wannan adadi ba ya canzawa. Abin da yake canzawa shi ne abin da yake shigowa.

A farkon Janairu ma'aunin wahala yana wajen 16,000. Bisa ƙa'idar lissafin tsarin, katin yana iya haƙo Bitcoin kimanin 25 a rana, kowane guda a kan senti 30, watau fiye da dala 7. A farkon watan Yuni wahala ta kai kusan 570,000, rabon katin ya faɗo ƙasa da Bitcoin ɗaya a rana, kimanin kashi 7 cikin 10 na guda. Amma da yake farashi ya haura dala 30 ran 8 ga watan, abin da yake shigowa ya kai dala 21 a rana. Da irin wannan ciniki, kati yana mayar da kuɗinsa cikin mako uku. Ba abin mamaki ba ne da katunan AMD suka yi wuya a shaguna, mutane suka riƙa jera uku ko huɗu a cikin akwatin roba ko a kan katako, suna cika gareji da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da su.

Waɗanda suka sayi kati a watan Yuni da lissafin watan Yuni su ne suka ji jiki. Cikin ƙasa da mako uku wahala ta ninka fiye da sau biyu, a farkon Agusta kuma ta kai kusan miliyan 1 da dubu 900. A daidai wannan lokaci farashi yana gangarowa, bayan kutsen da aka yi wa Mt. Gox a watan Yuni, har ya sauka wajen dala 2 a watan Nuwamba. A ma'aunin wahala na miliyan 1 da dubu 200 da ake da shi a lokacin, katin yana samar da sulusin Bitcoin a rana, abin da bai kai senti 80 ba, alhali kuɗin wuta yana nan a senti 86. Kwalliya ta daina biyan kuɗin sabulu, ba a ma zo maganar uwar kuɗin da aka zuba a kati ba.

Daga nan ne inda mutum yake zaune ya zama shi ne komai. Bitcoin guda yana cin yunit kimanin 21 a irin wannan kwamfuta. Ga mai biyan senti 12, ya tashi masa a kan dala 2 da rabi. Ga mazaunin Jamus, inda gidaje suke biyan wajen senti 25 na kuɗin euro a 2011, ya haura dala 7. Ga wanda yake zaune kusa da madatsun ruwan kogin Columbia a jihar Washington, inda yunit bai cika wuce senti 3 ba, bai kai senti 70 ba. Haja iri ɗaya ce, kasuwa ɗaya ce, farashi ɗaya ne, amma wani yana cin riba ninki uku yayin da wani yake asarar dala 5 a kan kowane guda.

Masana tattalin arziki suna da ƙa'ida game da irin wannan hali. Kuɗin da aka riga aka kashe wajen sayen inji ya tafi, ba a sa shi a shawarar yau. Abin dubawa shi ne ko cinikin rana yana biyan abin da aka kashe a ranar, idan bai biya ba a kashe injin. Alkaluma sun nuna mahaƙa da yawa sun bi wannan ƙa'ida, ko sun san da ita ko ba su sani ba, domin daga Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba ma'aunin wahala ya sauko da kimanin kashi 42 cikin 100. Ficewarsu kuwa ita ta sassauta wa waɗanda suka rage, rabonsu ya ƙaru, masu arahar wuta suka ci gaba da numfashi.

Akwai kuma tsadar da ba ta fitowa a lissafin farko. Duk wutar da kati ya sha zafi take komawa, saboda haka kwamfuta mai wat 1,000 daidai take da hita mai wat 1,000 da aka kunna a ɗaki ba a kashewa. A lokacin zafi sai an ƙara kuɗin na'urar sanyaya ɗaki. A lokacin sanyi kuwa, wanda da ma da lantarki yake ɗumama gidansa kusan kyauta yake haƙa, abin da Nakamoto ya lura da shi tun 2010. A California, inda kamfanonin wuta suke ƙara kuɗin yunit gwargwadon yawan abin da gida ya sha, mahaƙi kan tsinci kansa a mataki na sama, inda yunit ya haura senti 30. Wayar gida ma tana da iyaka: layi ɗaya a yawancin gidajen Amurka bai dace a ɗora masa fiye da wat 1,440 na dogon lokaci ba, wanda ya wuce haka yana wasa da gobara ne.

Wani ɓangare na ribar da aka riƙa tutiya da ita a wancan zamani, gaskiyar magana, wani ne yake biyan kuɗin wutarta. Ɗalibi a ɗakin kwanan jami'a, da yaro a gidan iyayensa, da ma'aikaci mai barin kwamfutar ofis a kunne har safiya, duk suna ganin riba ne domin takardar wuta ba hannunsu take zuwa ba. Misali mafi muni ya fito a 2014, lokacin da sashen bincike na Hukumar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ya ba da rahoton wani mai nazari da ya yi amfani da manyan kwamfutocin jami'o'i biyu wajen haƙa. An ƙiyasta aikin kwamfutocin a kan dala 150,000, abin da ya haƙo kuwa bai wuce na dala 8,000 zuwa 10,000 ba.

Sai kuma matsalar sa'a. Duk alkaluman da aka kawo a sama matsakaici ne, domin lada ba a gutsura shi: ko mutum ya sami 50 cif, ko ya tashi a tutar babu. A ƙarshen 2011, mai kati ɗaya yana iya jiran wata biyar kafin ya dace sau ɗaya, yana iya kuma shekara bai dace ba, mita tana ta gudu. Maganin da aka samo shi ne haɗa ƙarfi, kamar yadda ake watanda. Marek Palatinus na Jamhuriyar Czech ya kafa gungun haƙa na farko a ƙarshen 2010, inda mahaƙa suke tara gwajinsu wuri ɗaya, duk lokacin da ɗayansu ya dace a raba ladan gwargwadon aikin kowa, mai gungu ya cire ɗan kamasho. Tsarin bai ƙara wa kowa riba ba, amma ya sa kuɗi suna shigowa kullum, yadda za a iya biyan takardar wuta a ƙarshen wata.

Rabin lada da zuwan injuna

Tun asali an rubuta a tsarin cewa bayan kowane shafi 210,000, watau kimanin shekara huɗu, za a zabge lada da rabi. Karo na farko ya faɗo ran 28 ga Nuwamba na 2012, lada ya koma 25. Farashi a lokacin yana wajen dala 12, wahala kuma kusan miliyan 3 da rabi. Mai kati ɗaya da ya kwanta yana samun kimanin dala 1 da senti 40 a rana, ya wayi gari yana samun senti 70, ƙasa da kuɗin wutarsa.

Wata biyu bayan haka aka yi wa katin hoto jana'iza a harkar Bitcoin. A ƙarshen Janairu na 2013, kamfanin Avalon na ƙasar Sin ya fara aika injunan da aka ƙera musamman don cankar Bitcoin, waɗanda ake kira ASIC, ba su iya wani aiki sai shi. Rukuni na farko guda 300 ne, kowane a kan dala 1,299. Inji ɗaya yana gwaji sama da biliyan 60 a daƙiƙa da wat 600 da 'yan kai, watau da yunit ɗaya yana yin aikin da kati zai yi da yunit 50.

Tarihin wannan inji shi kaɗai ya isa ya bayyana makomar mai haƙa a gida. Wutarsa ta rana kimanin yunit 15 ce, ƙasa da dala 2 a farashin gidajen Amurka. A makon da ya fito yana iya haƙo Bitcoin 11 a rana, fiye da dala 200, ya mayar da kuɗinsa cikin kwanaki ƙalilan. A ƙarshen 2013 farashin Bitcoin ya tashi daga dala 13 ya taɓa sama da 1,000 kafin ya ɗan sauko, amma wahala ta tashi daga miliyan 3 zuwa sama da biliyan 1, watau ninki kusan 400. Abin da injin yake kawowa ya koma wajen dala 20 a rana. A ƙarshen 2014, da wahala ta kai biliyan 40, farashi kuma ya sauko kusa da dala 320, injin yana samar da abin da bai kai senti 30 ba a rana. Cikin shekara biyu ya tashi daga saniyar tatsa ya koma hita mai ƙara.

A irin wannan tsere, ranar da inji ya iso hannu ta fi farashinsa muhimmanci. Mutane da dama sun biya kuɗi tun kafin a ƙera injin, suka zauna jira wata da watanni, kafin ya iso wahala ta riga ta cinye ribarsa. A watan Satumba na 2014 Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayya a Amurka ta gurfanar da kamfanin Butterfly Labs a kotu a kan irin wannan jinkiri, aka daidaita a 2016. Wani abin takaici ga masu saye shi ne da yawansu da Bitcoin suka biya, kuma abin da injin ya haƙo musu har ya mutu bai kai adadin da suka bayar ba. Wannan ya fito da wani batu da ake yawan cakuɗawa. Waɗanda ake ba da labarin sun yi arziki da haƙar farko, akasarinsu ba ribar haƙa ce ta azurta su ba, ajiyar da suka yi ce har farashi ya hau. Daga lokacin da kasuwa ta kafu, duk wanda wutarsa take tashi fiye da farashin kasuwa zai fi samun Bitcoin da yawa idan ya kashe injinsa, ya ɗauki kuɗin wutar ya je ya saya.

Da yake kowa yana iya sayen inji iri ɗaya, abin da ya rage a yi gasa a kansa shi ne kuɗin yunit, a nan kuwa gida ba zai iya karawa da masana'anta ba. Harkar ta yi ƙaura zuwa inda wuta take da araha: lardin Sichuan na Sin a lokacin damina saboda madatsun ruwa, da Xinjiang da Mongoliya ta Gida saboda kwal, da Iceland mai wutar zafin ƙarƙashin ƙasa da sanyin da ba a saya, da kuma tsakiyar jihar Washington. Injin Antminer S9 na kamfanin Bitmain da ya fito a 2016 yana shan wajen wat 1,300, ƙararsa kuwa ba ta barin mai gida ko maƙwabci ya runtsa. A garin Plattsburgh na jihar New York, mahaƙa sun shanye kason wuta mai araha da garin yake samu, har sai da aka sayo ƙari da tsada, kuɗin wutar magidanta ya hau. A watan Maris na 2018 majalisar garin ta dakatar da buɗe sababbin wuraren haƙa na tsawon wata 18. Sin ma ta kori mahaƙa a tsakiyar 2021, akasarinsu suka koma Amurka da Kazakhstan.

Masu katin hoto sun sami wata damina ta biyu a wasu kuɗaɗen, da farko Litecoin, daga baya Ethereum wanda aka ƙaddamar a 2015, har katuna suka sake yin wuya a 2017 da 2021. Ran 15 ga Satumba na 2022 Ethereum ya daina amfani da haƙa kwata-kwata, wannan ƙofa ita ma ta rufe.

Idan aka kawo lissafin Nijeriya

A shekarun da haƙar gida take da riba, babbar matsalar mai sha'awar harkar a ƙasar nan ba tsadar yunit ba ce, samun wutar ne. Tashoshin ƙasar gaba ɗaya a lokacin wajen megawat 4,000 suke bayarwa, haƙa kuwa sana'a ce da duk awar da inji ya tsaya ta tafi ke nan, wahala kuma ba ta jiran a dawo da wuta. Janareta ba mafita ba ce, domin lita ɗaya ta man dizil da ƙyar take ba da yunit 3 zuwa 4.

A baya-bayan nan tsadar ma ta shigo. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225, kafin ya daidaita a kan naira 209 da kwabo 50 a watan Yuli. A cikin watan Afrilun ne kuma aka zabge ladan Bitcoin a karo na huɗu, ya koma 3.125. A farkon Nuwamba na shekarar ma'aunin wahala ya haura tiriliyan 100. Inji irin Antminer S19 Pro, mai shan wat 3,250, yana bukatar yunit 78 a rana, watau sama da naira 16,000 a farashin rukunin A, alhali abin da yake haƙowa a lokacin bai kai dala 5 ba, kimanin naira 8,000 a canjin watan. Sauran rukunai sun fi araha saboda tallafin gwamnati, amma awoyinsu sun fi kaɗan, daga 16 zuwa 4, injin kuma ba a ƙera shi don aiki a zafin da ya wuce digiri 40 ba, abin da garuruwan Arewa suke gani a kowace bazara.

Shi kuwa dangwalen waya da ya mamaye matasa a 2024, irin su Notcoin da Hamster Kombat, wanda shi ma ake kira haƙa, suna kawai ya ara. Babu shafin da wayar take rufewa, babu kuma cankar da take yi. Kamfani ne yake raba maki don ya tara jama'a, shi ne kuma yake yanke abin da makin zai zama. Haƙar Bitcoin ta ainihi, bisa ƙiyasin da masu bincike na Jami'ar Cambridge suka fitar a 2025, tana shan yunit biliyan 138 a shekara, fiye da ninki uku na abin da dukan tashoshin Nijeriya suke turawa babban layin wuta na ƙasa.